Saura min wata huɗu na gama bautar ƙasa, har yanzu ban san inda zan dosa ba

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema kuma ina so a gaya min gaskiya ko da ɗaci. Ina bautar ƙasa yanzu haka a wata sakandare a jihar Nasarawa, fiziks nake koyarwa, shi na karanta a jami'a duk da dai asali likitanci na nema makina na JAMB bai kai ba aka bani wannan na karɓa. Shekarata 28, korona da yajin aikin malaman jami'a na 2020 sun cinye mana kusan shekara, na 2022 ya ƙara cinye wata takwas, yanzu saura wata huɗu na cire kaki na dawo Kano kuma wallahi in na kwanta da daddare barci baya zuwa. Baba yace na dawo na zauna akwai abokinsa da ya masa alkawarin aikin gwamnati, kawuna yace na zo shagonsa a Kwari, abokaina biyu sun sayi fom ɗin mastas suna ta ce min na bi su, ni kuma zuciyata tana wajen aikin sola saboda akwai wani bawan Allah a garin nan da nake bi duk Asabar ina riƙe masa tsani muna haɗa wa mutane. Ga yarinyar da nake nema gidansu sun fara tambayar ina aka kwana. Ta ina zan fara?

Baban Ikram:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ni ma'aikacin gwamnati ne shekara 16 kenan don haka bari na ɗauki maganar abokin Baba. Aikin gwamnati ba abin rainawa bane, da shi na yi aure da shi nake ciyar da yara, amma zaman jiransa shi ne bala'in. Ni da na gama bautar ƙasa sai da na yi shekara uku da wata biyar kullum ana ce min an kusa, sunanka ya shiga, wata mai zuwa ne, kuma a shekara ukun nan ko ɗaurin kunshin goro ban koya ba, har yau ita ce asarar da tafi min ciwo a rayuwa. Mai digiri a mataki na 8 ake ɗaukarsa, ka samu wani ɗan mataki na 8 ka tambaye shi nawa ke shigo masa bayan an cire fansho da haraji, sai ka tambayi kuɗin haya a Kurna ɗin taku. Ka kai wa abokin Baba takardunka, in ya fito alhamdulillah, amma kada ka saka shi cikin lissafi. Kuma ranar da wani yace ka kawo kuɗi a sayar maka da ofa, wato takardar ɗaukar aiki, ka kama gabanka, na san gidaje biyu da suka sayar da fili akan wannan suka tashi da takardar bogi.

Bazazzagi:
Ni fa gaskiya maganar tsara rayuwa a ƙasar nan ta daina shiga kaina. A 2022 na zauna na rubuta komai a littafi, ina jan adaidaita lokacin, nace zuwa 2024 zan gama biyan balas ta zama tawa, 2025 na sayi ta biyu na bawa ƙanena, 2026 aure. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke sha ƙasa da 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a 2024, kayan gyara suka ninka, littafin yana nan a ɗakina ko layi ɗaya bai tabbata ba. Ɗan'uwa duk abin da ya fara zuwa hannunka ka kama kawai, Allah ya rufa asiri.

Malam na Islamiyya:
Bazazzagi Allah ya musanya maka da mafi alheri, abin da ka faɗa ya faru da mutane da yawa. Amma ina so ka duba ƙissar Annabi Yusuf alaihis salam, da ya fassara mafarkin sarki cewa yayi a yi noma shekara bakwai a jere, abin da aka girbe a bar shi a zangarniyarsa sai ɗan wanda za a ci, saboda shekara bakwai masu tsanani na tafe. Kaga saboda wahalar dake gaba ma aka yi tsarin. Kuma sahabin nan da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam cewa yayi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Ɗan Kurna ka gama jin shawarar waɗanda suka san harkar, kayi istihara, abin da ka zaɓa ka riƙe shi da hannu biyu.

Bazazzagi:
Malam ban musa muku ba wallahi, zafin abin ne ke sa ni magana haka.

Maman Sadik:
Bazazzagi ni ina ganin inda littafinka ya samu matsala shi ne ka rubuta abin da kake so ka mallaka a shekara kaza, kuma wannan farashi ne ke juya shi ba kai ba. Da ka rubuta abin da za ka iya da hannunka, misali kafin ƙarshen shekara na iya sauke injin adaidaita na gyara da kaina, wannan ko dala ta kai nawa ba mai ƙwace maka shi. Ni tela ce, na fara da keken mahaifiyata mai ƙafa, abin da na saka wa kaina shi ne wata shida na iya yanka ba tare da an zana min ba, shekara ɗaya na shiga adashi na sayi keken kaina, kuɗin keken ya tashi sau biyu kafin kwasata ta zo amma yankan da na koya yana nan, yau yara mata tara ke koyo a wajena.
Ɗan Kurna kai kuma ka faɗi zaɓi huɗu baka faɗi ko sisi ba. Nawa ka tara? Nawa kake turawa gida? Alawi 77,000 ne yanzu, wata huɗu 308,000 kenan zasu ratsa ta hannunka, nawa zasu kwana a ciki? Ba tonon asiri nake so ba ƙanina, amma ba a yanka atamfa sai an auna mai ita.

Ɗan Kurna:
Anti gaskiya kin kama ni. Abin da ke akawun ɗina 150,000 ne, duk wata ina tura wa Umma 20,000, abinci da data da sabulu suna cin wajen 35,000 tunda makarantar ta bamu ɗaki. Da na tara fiye da haka, wani abokina ya sa ni na zuba 60,000 a wani dandali na intanet da ake cewa kuɗi na ninkawa a wata, rana ɗaya muka wayi gari ya rufe.

Maman Sadik:
Innalillahi, Allah ya mayar da alheri, ya wuce kada ka sake kawai. Toh kaga in ka daure kana ajiye 20,000 duk wata zaka dawo Kano da 230,000, wannan kuɗin bazai yi mastas ba, bazai yi lefe ba, bazai buɗe shago ba, amma zai sayi kayan aiki ya riƙe ka kuɗin mota na wasu watanni kana koyo. Tun daga nan ma zaɓin ya fara raguwa da kansa.

Mai Sola Kaduna:
Tunda an taɓo harkata bari na saka baki. Shekarata tara ina wannan aikin, a Panteka na fara da wayarin ɗin gida kafin na koma sola. Kasuwa kam akwai, tun da aka ƙara wa 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, kuɗin wuta a Afrilun 2024 daga wajen naira 68 zuwa 225 duk yunit masu shaguna da asibitoci suka fara nemanmu, sannan duhun da Arewa ta shiga a ƙarshen Oktoban 2024 sama da mako guda ba wuta, wannan lokacin ko barcin kirki bamu yi ba. Yanzu har manoman rani na wajen Kura da Kadawa suna komawa famfon sola saboda fetur ya fi ƙarfinsu.
Amma ƙanina riƙe tsani ba shi ne aikin ba, kuma matsalar da muke fama da ita kenan, yaro yayi wata biyu yana ɗaura fanel a kwano sai ya buga kati yace shi injiniya ne, yaje ya haɗa wa mutum batir na miliyoyi da siririyar waya ba fiyus ba bireka ba as (wayar kariya da ake binnewa a ƙasa), bayan wata uku batir ya mutu ko gida ya kama wuta, sunan duk masu sana'ar ya ɓaci. Ainihin aikin lissafi ne, ka shiga gida ka ƙirga firji wat nawa, fanka nawa, awa nawa za a kunna kowanne, daga nan ka fitar da girman inbata da yawan batir da yawan fanel da kaurin waya, ka san bambancin batirin ruwa da na litiyom da yadda ake saita cajin kowanne, ka san me yasa firji da famfo ke fizgar wuta mai yawa lokacin tashi. Kai da ka karanta fiziks wannan lissafin a wajenka kamar shan ruwa ne, yaran dake wajena shi ke basu wahala, su kuma sun fi ka iya hawa kwano da jan waya a cikin silin da rana tsaka. Ka ware shekara guda cif a ƙarƙashin ubangida mai aiki da yawa, kada ka karɓi kwangilar kanka kafin nan ko an roƙe ka. Kayan farko da zaka saya mita ce mai kyau wadda ke auna wutar batir, da abin matse kan waya, da sukundireba masu roba, da diril in kuɗi ya kai. Akwai kuma satifiket na ƙwarewar sana'a da hukumar ilimin fasaha ta NBTE ke kula da shi, ana ce masa NSQ, in ka samu hali ka yi shi don kamfanoni da ƙungiyoyi in zasu bada aiki suna son ganin takarda.

Ɗan Kwari:
Ni kuma ban ji daɗin yadda kowa ya tsallake maganar kawu ba kamar ba komai bace. Kun san mutum nawa ke neman wanda zai ce musu zo ka zauna a shagona a Kwari? Kasuwar da ake zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru? Ni da digirina na akanta na shiga a matsayin yaron shago, ina ɗaukar dila ina shara ina sayo wa maigida abinci, abokaina suna min kallon na faɗo, shekara biyar maigida ya fara bani kaya bashi ina sayarwa ina biya, yau ina da teburina da yara biyu. Sola sana'a ce mai kyau amma jikinka ne jarinka, ranar da ka kwanta ciwo aiki ya tsaya, kasuwa kuwa ko kana gida shago na buɗe.

Mai Sola Kaduna:
Alhaji ai mu ma ba a kan kwano ake tsufa ba, wanda ya iya aikin daga baya shi ke sayar da kayan, kuma kwastoma ya fi yarda da wanda ya san abin da yake sayarwa.

Ɗan Kwari:
Haka ne na yarda. Abin da zan ƙara kawai, in har zai je wajen kawu toh a zauna a yi magana tun farko da shaida, shekara nawa zai yi, me za a dinga bashi, in lokaci yayi sallamarsa za a yi da jari ko kaya za a bashi bashi. Mu Hausawa kunyar wannan maganar muke ji musamman da ɗan'uwa, sai yaro yayi shekara goma a shago ba a ce masa komai ba shi kuma yana jin nauyin tambaya, ƙarshe a rabu baram-baram zumunci ya lalace har iyaye su daina gaisawa. Na ga wannan a layinmu yafi sau nawa.

Malama Uwargida:
Ina koyarwa a jami'a don haka bari nayi maganar mastas. Ɗana da wane sakamako ka fita? Kuma me kake so kayi da mastas ɗin? Ina tambaya ne saboda duk shekara ina ganin ɗalibai da suka dawo ba don suna son bincike ko koyarwa ba, sun dawo ne don kada a ce suna zaman kashe wando, su kashe kuɗin iyaye shekara biyu wani lokacin uku, su fito su tarar da layin da suka bari yana nan, shekaru kuma sun ƙaru, ga bankuna da kamfanoni da yawa suna saka iyakar shekaru a tallan ɗaukar sababbin ma'aikata. In burinka ka zama malamin jami'a toh dole ne, har digiri na uku ma. In kuma koyarwar da kake yi yanzu ta kwanta maka, abin da ya fi maka amfani shi ne PGDE, wato difloma ta koyarwa ga masu digiri, shekara ɗaya ce, ana yi a cibiyar horar da malamai ta NTI da jami'o'i da dama, sannan kayi rajista da hukumar rajistar malamai TRCN ka zama cikakken malami, kuma malamin fiziks da lissafi nemansa ake a makarantu masu zaman kansu ba kaɗan ba.

Ɗan Kurna:
Malama 2:2 ne. Gaskiya bana jin zan iya zaman bincike, koyarwar dai ina jin daɗinta musamman in na ga yaro ya gane abu, amma albashin makarantun kuɗi da nake ji ana faɗa yana karya min gwiwa.

Malama Uwargida:
Toh ka ajiye mastas tukuna, ba guduwa zata yi ba, in ka tsaya da ƙafarka ka dawo kayi ta da kuɗinka a fannin makamashi inda zata ƙara wa sana'arka daraja. Koyarwa kuma kana iya riƙe ta a matsayin abin da zai baka kuɗin cefane, darasin yamma ga 'yan WAEC da JAMB kwana uku a mako, da safe kana wajen ubangidanka. Ka dai kula kada ka tauna taura biyu, ɗaya ce babba ɗayar mai tallafa mata ce.

Ummu Hanan:
Kowa yana ta maganar aiki an manta da baiwar Allah dake jira. Dan Allah Yaya ka je ka gaya mata gaskiyar lissafin nan da Anti tayi maka, ka gaya wa waliyyanta ma ta bakin manyanka, cewa koyon aiki zaka shiga na shekara guda kuma aure kafin shekara biyu zai yi wuya. In zasu iya jira alhamdulillah, in bazasu iya ba kada ka riƙe musu 'ya da "in sha Allahu an kusa". Ni shekara huɗu aka riƙe ni da wannan kalmar, na bar gurbin makarantar koyon jinya da na samu saboda yace in mun yi aure zai mayar dani, ƙarshe ba auren ba karatun, sai bara na koma na fara daga farko da ƙannen bayana. Ita ma tana da nata burin, ka tambaye ta me take so ta zama, in tana karatu ko sana'a ka ƙarfafa ta ta ci gaba a wannan lokacin.

Baban Ikram:
Wannan magana ta Ummu Hanan a rubuta ta. Allah ya baki wanda ya fi shi 'yar uwa, ya sa albarka a karatun.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku 'yan uwa, ni daga Maraɗi nake bin zancen. Wajenmu ma haka ne, yaro ya samu BAC, takardar gama sakandare, ya tafi Yamai ko ya tsaya jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan gida ya ƙare, sai jiran gwamnati ta buɗe gasar ɗaukar ma'aikata. Ni kasuwancin Jibiya da Katsina nake, da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 wata da watanni ba shiga ba fita, abin da ya cece ni gyaran waya da na koya tun ina lise, wato sakandare, wanda a da nake ganin ɓata lokaci ne. Shi yasa ina goyon bayan Hajiya tela, abin da ke cikin hannunka ba a rufe masa iyaka.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai wallahi, na karanta komai har sau biyu. Abin da ya rage min mai nauyi shi ne Baba, shi a wajensa ɗan da ya yi digiri ya koma hawa kwanon mutane da jakar kayan aiki kamar asarar kuɗin makaranta ne, kuma bana son na saɓa masa, shi ya sayar da gonarsa ta gado ya biya min rajista a aji uku.

Malam na Islamiyya:
Kada ka tunkare shi da "bazan jira ba". Ka kai takardun inda yace, ka nuna masa ka bi umarninsa, sannan ka nemi izininsa cewa kafin aikin ya fito kana so ka dinga fita kana koyon abu maimakon zaman majalisa. Da wuya uba ya hana wannan. In akwai wani babba da yake jin maganarsa, aminin sa ko limamin unguwa ko shi kawun naka, ka fara bi ta wajensa. Kuma kuɗin farko da ka samu a aikin komai ƙanƙantarsa ka kai masa ya sa albarka.

Bazazzagi:
Maman Sadik na kwana ina tunanin maganarki. Akwai makanikin da nake kai wa gyara a Tudun Wada, yau da na je canza mai na tambaye shi ko zai bari na dinga zuwa ranar Juma'a da safe tunda dama bana fita aiki sai an sauko, yace na zo.

Maman Sadik:
Masha Allah, toh ka saka wa kanka wa'adi, ka ce masa wata nawa kake so ka iya kaza, kada ya zama zuwa hira.

Ɗan Kurna:
Salam, na dawo da bayani bayan kwana uku. Na kira kawu na gaya masa komai, da farko yayi shiru na zaci ransa ya ɓaci, sai yace dama shi tsoron zaman banza yake ji min, kuma akwai maƙocinsa a unguwa mai shagon kayan sola da yaran aiki zai haɗa ni da shi, shi kuma zai yi wa Baba magana da kansa in ya je gaishe shi ranar Juma'a. Mutumin da nake bi a nan ma na roƙe shi ya daina barina a gindin tsani, ya yarda daga wannan Asabar ni zan fara yin lissafin lodin gida shi ya duba. Na buɗe wani akawun daban da ba kati na tura 20,000 na wannan watan. Maganar gidansu yarinyar ce ban yi ba tukuna, ina so sai na zo hutun sallah na faɗa mata baki da baki.
Mai Sola dan Allah mitar da kace, akwai wadda ake maƙalawa a jikin waya akwai mai tsinke biyu, wacce zan fara saya?

Mai Sola Kaduna:
Sayi mai maƙalawar amma ka tabbatar tana auna DC, wato wutar batir da fanel, ba AC irin wutar NEPA kaɗai ba, da yawa masu arha AC kawai suke yi kuma bazata maka amfani a kan batir da fanel ba, ka sa mai shagon ya gwada maka a kan batir a gabanka kafin ka biya. Tana zuwa da tsinkayen ma don haka ta wadatar da kai. In kayi lissafin gidan ranar Asabar ka ɗauki hoton takardar ka turo nan na duba maka.